Sai Bango Ya Tsage: Inda Zinariya Take Yada Zango a Cikin Dutse

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ƴan jaridarmu ya gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a unguwar Zango ta birnin Damagaram. Mun buga shi ɗungum saboda masu karatunmu da ba su samu halarta ba.



Iyayena alhazan kasuwar Dole, yayyena ma'aikatan gwamnati, malamai da ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina neman afuwa tun da fari, domin yaro ne ya tsaya gaban manya zai yi maganar dukiya. Ni ɗan jarida ne. Abin da zan faɗa na tsinto shi ne daga littattafan masana ilimin duwatsu, da kuma bakin mahaƙan da na sha zama da su.

Tun shekarar 2014, lokacin da labarin zinariyar Jado da ta Cibarkaten ya iso garin nan, da wuya a samu gida a Zango wanda bai tura ɗa arewa ba, ko bai zuba kuɗi a ramin wani ba. Akwai wani kawuna, mai kanti, wanda ya ɗauki nauyin samari shida: ya saya musu injin bincike, da janareto, da shinkafa da mai na wata da watanni. Suka haƙa rami har tsawon gaba ashirin ba su samu ko ƙwayar gero ba. Ramin maƙwabtansu, wanda bai fi taki hamsin daga nasu ba, shi ya fashe da arziki. Da na je yi masa jaje, sai ya ce mini: "Ɗana, rabo ne." Ban yi masa musu ba, kuma yau ma ba zan yi ba. Amma takin nan hamsin yana da bayani, kuma bayanin nan ne ya kawo ni gabanku.

Zinariya a warwatse take

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, akwai zinariya a kusan kowane dutse, har da waɗanda muke zama a kansu da yamma a bayan Birni. Sai dai ƴar mitsitsiya ce ƙwarai: a tan guda na dutsen gama-gari, abin da ke ciki bai wuce miligaram ɗaya zuwa huɗu ba. Kafin kamfani ya yarda ya kafa injina, yana bukatar wajen garam ɗaya zuwa biyar a kowane tan. Ke nan sai wani abu ya tattaro ta ya ninka ta kusan sau dubu a wuri guda. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce, wane ne wannan mai tarawa?

Amsar ita ce ruwa. Ruwa ne mai zafin gaske, na digiri 250 zuwa 400, wanda yake fitowa daga jikin duwatsun da suka nutse cikin ƙasa kilomita da yawa suna dahuwa. Nauyin da ke bisansa ya hana shi tafasa. Yana ɗauke da iska da farar wuta, kuma farar wutar nan ce take riƙe zinariya a narke, kamar yadda ruwan shayi yake riƙe sukari ba a ganinsa. Ruwan yana neman hanyar hawowa sama, dutse kuwa ba shi da ƙofa. A nan ne maganar magabata ta zo daidai: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsagar da nake nufi ita ce wadda ake kira «faille» da Faransanci, wato inda ɓangarori biyu na ƙasa suka rabu, ɗaya ya zame a jikin ɗaya. Kowace girgizar ƙasa zamewa ce a kan irin wannan tsaga. A shekarar 1988 wani masani ɗan ƙasar Niyu Zilan, Richard Sibson, tare da abokan aikinsa biyu, suka bayyana yadda abin yake gudana. Ruwan yana taruwa ƙarƙashin tsagar da ta toshe, ƙarfinsa yana ƙaruwa, har ranar da ƙasa ta girgiza tsagar ta buɗe. Sai ruwan ya yi tsartuwa sama, matsin da ke kansa ya faɗi farat ɗaya, kamar an buɗe kwalbar lemo. Nan take abin da yake ɗauke da shi ya soma zuba: farin dutsen nan da ake kira kwarts ya cika tsagar, zinariya ta maƙale a cikinsa. Tsagar ta sake toshewa, a koma jiran wata girgizar. Sai an maimaita haka sau dubbai kafin a samu jijiya guda mai kaurin hannu, wadda mahaƙanmu ke kira filon.

Ɗanyen yumɓu da gasasshiyar tukunya

Yanzu mun iso tsakiyar magana. In tsaga ce kawai ake bukata, ai da kowace tsaga tana da zinariya. Abin da ya hana shi ne, duwatsu ba hali ɗaya gare su ba.

Ku tuna da maginan tukwane na Mirya. In ka matse ɗanyen yumɓu, lanƙwashewa zai yi, ya bi hannunka, ba zai bar rami ba. In ka matse tukunyar da aka gasa, fashewa za ta yi. Haka duwatsu suke a can ƙasa inda zafi ya yi yawa. Akwai masu taushin hali, irin dutsen nan mai falle-falle kamar shafukan littafi da ake kira shist, wanda asalinsa laka ce ko tokar aman wuta. Shi lanƙwashewa yake yi, ya naɗe, ya toshe hanyar ruwa. Akwai masu taurin kai, irin garanit da baƙin dutsen dolerit. Su jurewa suke yi har su gaza, sannan su tsattsage. In dutse mai taushi kaɗai ne a wuri, ba a samun buɗaɗɗen gurbi. In garanit ne zalla mai faɗin gaske, ƙarfin ƙasa yakan kewaye shi ya bar cikinsa lafiya lau. Inda aiki yake shi ne mahaɗarsu, wurin da mai taushi yake gudana a jikin mai tauri yana jansa har ya tsage.

Duk wanda ya taɓa gina gida ya san wannan. Ina bango yake fara tsagewa? A kusurwar ƙofa, inda azara ta haɗu da laka, ko inda aka jingina sabon ginin siminti da tsohon ginin ƙasa.

Akwai kuma abu na biyu. Tsaga in ta fito daga dutse mai taushi ta shiga mai tauri, takan sauya kwana, ta karya gwiwa. Ku ɗauki sakaina biyu na ƙwarya guda da ta fashe, ku haɗa bakinsu, sannan ku zame ɗaya kaɗan. Za ku ga wani wurin ya cije, wani wurin ya buɗe baki. Wurin da ya buɗe ɗin nan shi ne aljihun da ruwa yake faɗawa, kuma nan zinariya take taruwa. Shi ya sa jijiya guda za ta yi tsawon kilomita, amma arzikinta yana cikin ƴan aljifai ne kawai, saura farin dutse ne fanko.

Abu na uku ya shafi abin da dutsen ya ƙunsa. In ruwan ya tarar da dutse mai yawan ƙarfe, farar wutar takan saki zinariya ta auri ƙarfen, su haifi wani ma'adini rawaya mai ƙyalli da ake kira pirit, wanda ya sha yaudarar sabon shiga. Zinariya da aka saki sai ta zauna nan. Baƙin shist mai sinadarin gawayi shi ma yakan sa ta zauna.

Abin mamaki, babbar tsagar kanta sau da yawa ba ta da komai, domin gogayya ta niƙe cikinta ya zama laka. A ƙananan rassan da suka fita daga jikinta ake samun dukiyar. Ku mutanen Zango kun fi kowa fahimtar wannan. Ayarin fatake a kan babbar hanya yake tafiya, daga Tarabulus zuwa Agadas zuwa Kano, amma ba a tsakiyar hanya ake sauke kaya ba. Sai an ratse an shiga zango. Babbar tsaga hanyar ayari ce. Rassanta, da gwiwoyinta, da mahaɗar duwatsu, su ne zangon zinariya.

To, mu koma ga kawuna. Jijiya ba kasafai take nutsewa tsaye kamar rijiya ba. A karkace take shiga ƙasa. In ta karkata gabas, wanda ya haƙa ta gabas da inda ta ɓullo zai tarar da ita a ƙasa. Wanda ya haƙa ta yamma, ko zai kai gaba ɗari, nisa yake ƙara yi da ita. Kuma ko wanda ya same ta, in bai faɗa kan aljihu ba, farin dutse kawai zai yi ta daka. Taki hamsin ya isa ya raba mai samu da mai rashi.

Daga Liptako zuwa Ɗan Isa

Mu duba wuraren da aka tabbatar, mu ga ko maganar ta tsaya. A yammacin ƙasarmu, a Liptako cikin jihar Tilaberi, akwai duwatsun da suka haura shekara miliyon 2,000. Tsarinsu kamar saƙar zane yake: zirin shist da tsoffin duwatsun aman wuta, sai faffaɗan garanit, sai wani zirin. Zinariyar Koma Bangu, wadda talakawa suka dira a kanta lokacin farin 1984, da ta Samira, inda aka buɗe mahaƙar masana'antu a 2004, duk a cikin ziraran nan suke, a kan tsagogin da suka ratsa su. Irin waɗannan duwatsu ne suka miƙa har Burkina Faso da Mali da Gana. A Obuwasi ta ƙasar Asante, ƙasar da kakanninmu fataken goro suka sani sarai, ana haƙar zinariya da injina tun 1897, kuma jijiyoyin suna bin tsagogi masu baƙin gawayi kusa da inda duwatsu iri biyu suka haɗu. A Kalgurli ta Ostareliya, inda aka gano zinariya a 1893, an fitar da fiye da tan 1,500, mafi yawa daga cikin wani dolerit mai tauri da yawan ƙarfe wanda yake kwance tsakanin duwatsun da suka fi shi taushi. Tauri ya sa ya tsage, ƙarfe ya sa ya riƙe.

Mu matso kusa da gida. Wajen shekara miliyon 600 da suka wuce, manyan gandayen ƙasa suka yi karo a wannan yanki namu, suka tayar da tsaunuka masu tsawo waɗanda iska da ruwa suka cinye tuni. Saiwoyinsu ne muke gani yau a Abzin, da Damagaram da Muniyo, da kudancin Maraɗi, da arewacin Najeriya. Karon ya bar dogayen tsagogi da suka miƙa kusan daga arewa zuwa kudu. A Zamfara da Birnin Gwari, ziraran shist na Anka da Maru da Kushaka suna kwance tsakanin garanit, kuma zinariyarsu tana bin rassan manyan tsagogin Anka da Kalangai. Duwatsun nan ba su san iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba. Sun ƙetaro zuwa kudancin Madarunfa, don haka da aka ji ɓullar zinariya a Ɗan Isa a 2021, wanda ya san taswira bai yi mamaki ba.

Ko uraniyom ɗin Arlit, da aka soma fitarwa a 1971, a gefen wata babbar tsaga yake, duk da cewa shi a cikin dutsen yashi yake kwana.

Duwatsun Damagaram

Na san tambayar da ke ranku: mu fa? Garinmu a kan dutse yake zaune, har baƙo ya kan tsaya kallon manyan duwatsun Birni.

Duwatsun Damagaram da Muniyo zuriya biyu ne. Akwai tsofaffi, na zamanin karon nan na shekara miliyon 600: garanit, da ragowar shist da farin dutsen kwarzit da suka tsira a tsakaninsa. Akwai kuma ƙanana a shekaru, na wajen shekara miliyon 300, waɗanda suka kutso daga baya a kewayen Zinder da Gure. Waɗannan na biyun ƴan dangi ne da wasu tsaunukan Abzin, da suka girme su, da na Jos, da suke ƙannensu. Abin da aka san dangin nan da shi shi ne kuza: ita aka haƙa a Elmeki, ita ta gina garin Jos. Saboda haka duk wanda ya nuna muku tsakiyar tsaunin garanit ya ce a zuba kuɗi a nemi zinariya, ku tambaye shi hujjarsa. Mai neman ta da ilimi zai nufi gefe ne, inda tsohon shist ya jingina da garanit kuma tsaga ta ratsa, wuraren da galibi rairayi ya binne. Har yau ba a buɗe mahaƙar zinariya ta masana'antu a jihar Damagaram ba.

Amma tsagar dutse ta daɗe tana mulkin rayuwarmu ta wata fuskar, wato ruwan sha. Garanit ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage ko ya ruɓe. Kowane mai haƙa rijiya a ƙauyukanmu ya san za a huda nan a samu ƙura, a matsa kaɗan a samu ruwa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, kuma shi ya sa ake jawo mana ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ilimin da yake gano tsagar zinariya shi ne yake gano tsagar ruwa, kuma ku kun san wanne ya fi damun matan Garin Malam da Kara-Kara da asuba.

Tsagar da ta kawo, ita ke ɗaukewa

Jama'a, akwai ɓangaren maganar da ba shi da daɗi. Wurin da zinariya take shi ne wurin da dutse ya fi rauni, tunda tsagewa ce ta kawo ta. Ruwan sama na dubban shekaru ya bi tsagogin ya ruɓar da saman dutsen ya zama kamar ƙasa. Wannan ya sa haƙa take da sauƙi, shi ne kuma ya sa rami yake ruftawa. Ranar 7 ga watan Nuwamba 2021, a Garin Liman kusa da Ɗan Isa, ramuka suka rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ramuka kusa da juna, kowa yana rarake ƙarƙashin ɗan'uwansa, ba tokari, cikin dutsen da tun asali a tsage yake.

Sannan ruwan da ya kawo zinariya ba ita kaɗai ya ɗauko ba. A wasu jijiyoyin Zamfara ya zo da dutsen tozali, wanda dalma ce a cikinsa. Mutane suka kai duwatsun gida, mata suka daka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma yara aƙalla 400 suka mutu. Da an kai dutse guda ɗakin bincike tun farko, da an san abin da ke cikinsa. Ga kuma zaibar da ake ƙonawa don ware zinariya, wadda hayaƙinta yake lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda sannu a hankali. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Roƙona gare ku

Iyayena ƴan kasuwa, ba wanda zai sayi buhun gyaɗa a cikinku bai soka hannu har ƙasan buhu ba. Ku yi wa rami haka. Kafin ku saki kuɗi, ku tambaya: wane dutse ne ya haɗu da wane a wurin? Ina jijiyar ta dosa, kuma ta wane gefe ta karkata? Wa ya ɗebo samfurin da aka nuna muku? Mai rami zai kawo muku dutsen da ya fi kyau ne, kamar yadda mai tumatir yake ɗora manya a saman kwando. Ku sa a ɗebo daga gefe zuwa gefe na jijiyar, a wurare da dama, a auna gaban wakilinku. Ku kuma yi lissafi irin naku. In dutse yana ba da garam 5 a tan, to sai an fasa, an ɗauko, an niƙa, an wanke buhu 20 masu kilo 50 kafin a samu abin da ya ɗara miskali guda kaɗan. Ku cire kuɗin mai, da ruwa, da abinci, da niƙa, ku ga abin da ya rage. Injin bincike kuwa ƙarfen da ke kusa da saman ƙasa kawai yake ji. Ya yi amfani a hamadar Jado inda iska ta share ƙasa ta bar gutsattsari a fili. Ba zai gaya muku abin da ke gaba goma a ƙasa ba. Kuma in kun ɗauki nauyin rami, ku sa kuɗin itacen tokari cikin jarin, domin ƴaƴan mutane ne a ciki.

Yayyena ma'aikata, ku ne ke riƙe da takardu. Tun shekarun 1960 Greigert da Pougnet suka zana taswirar duwatsun Nijar, kuma an yi bincike da yawa bayansu. Taswirar da ke kulle a kabad a Yamai, cikin Faransancin da ko mu da muka yi jami'a sai mun buɗe ƙamus, ba ta amfani ɗan kasuwar Dole da komai ba. Muna roƙon a kafe taswirar jiha a ofishin ma'adinai na nan Damagaram inda kowa zai gani, da bayani cikin Hausa da Barbarci. Makarantar EMIG da jami'o'in Yamai da Damagaram suna yaye matasa masana duwatsu, da yawansu suna zaune ba aiki. A tura su wuraren haƙa su nuna wa mahaƙa karkatar jijiya, da tazarar da ta kamata tsakanin ramuka, su auna dutse kafin a kai shi cikin gari. Ƙasarmu ta yi dokar ma'adinai a 1993, ta gyara ta a 2006 inda aka ware wa garuruwan yankin da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga, ta sake sabuwa a 2022. Talaka yana da haƙƙin ya san wa aka ba izinin wane fili, da abin da ya shigo asusun garinsa. Inda aka ɓoye taswira da sunayen masu izini, wanda ya san wani a ofis shi ke cin riba, sauran jama'a su haƙa a makance.

Kawuna ya koma kantinsa, yana biyan bashi sannu a hankali. Kwanan baya na zana masa jijiya a ƙasa da tsinke, na nuna masa inda raminsa ya tsaya da inda ta bi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Ashe bayanta muka haƙa." Fatana shi ne kada wani a cikinku ya faɗi wannan magana bayan kuɗinsa sun ƙare, ko bayan an kawo masa labarin ɗansa.

 Wanda yake da tambaya, ga ni a tsaye.